Zaman Alhamis da sabuwar ɗalibarmu

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ranar Alhamis bayan La'asar za mu haɗu a ɗakin taron sashe, sabuwar ɗalibarmu ta digirin digirgir za ta gabatar da bincikenta: yadda zafi ke ratsa abubuwa masu kaurin nanomita kaɗan (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita). Lantarki ta karanta, zafin transistoci (ƙananan makunnan lantarki da ke cikin kwamfuta) ne ya jawo ta wajenmu.

Don Allah kowa ya sake duba dokar Fourier ta 1822, wadda ke lissafa yadda zafi ke gudana daga wuri mai zafi zuwa mai sanyi. A dunƙulen silikon tana aiki lafiya lau, amma da zaren silikon ya sirance fiye da tazarar da fonon (girgizar atom da ke ɗaukar zafi) ke ci kafin ya yi karo, lissafin sai ya kauce. Nan aikinta yake.

Manyan ɗalibai, ku zo da tambayoyi, amma a sassauta mata, yanzu ta fara. Wanda ba zai samu zuwa ba ya sanar kafin Laraba.

Allah ya kai mu lafiya.