Shirinku na fina-finai na daren Asabar ya ɓata mini rai

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da ma'aikatanka, na rubuto ne a kan shirinku na fina-finai na daren Asabar ɗin nan. Wallahi raina ya ɓaci, kuma har yau bai huce ba. Minti arba'in cur ina zaune cikin mota a tasha na ƙure rediyo, ana ta zancen Oscar, gasar fina-finai ta Amurka: wane ya shiga rukuni kaza, wance ta ɗinka rigar dala dubu nawa, wane ya rabu da matarsa. Duk na haƙura. Amma da wata baiwar Allah ta bugo daga Gusau tana tambaya ko akwai wani fim da bai yi suna ba wanda ya kamata mutum ya nema ya kalla a wannan lokaci, sai mai gabatarwa ya yi dariya ya ce ta bi jerin na Amurka kawai, wai mu nan ba mu da abin da ya kai a ambata. Wannan kalmar ce ta hana ni barci.

Ni direba ne, shekara goma sha tara ina bin hanyar Kano zuwa Damagaram ta Daura da Kwangwalam da Matamaye. Kallon fim kuwa tun ina yaro muke satar jiki mu tafi Plaza da Marhaba. Bara, a Damagaram, mota ta kwana da ni saboda rashin fasinja, na sauka gidan wana. Bayan isha'i ɗansa da ke jami'a ya ɗauko kwamfuta ya ce, "Baffa, zo ka ga garinmu." Ya kunna mini fim ɗin Zinder (wato Damagaram) na Aisha Macky, 'yar garin, wanda ya fito a 2021. Muka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, mu bakwai har da uwargidan wana, aka jingina kwamfutar a kan turmi da aka kife.

Malam Edita, ba wasan kwaikwayo ba ne, mutanen gaske ne a unguwar Kara-Kara, inda a da can aka ware kutare. Aisha Macky ta shiga cikin samarin da ake kira 'yan fale, irin waɗanda mu a Kano za mu ce 'yan daba, ta zauna da su har suka saki jiki suka buɗe mata ciki. Ga masu ɗaga ƙarfe da ke mafarkin kafa kamfanin gadi don su ci halaliyarsu. Ga wanda ya tuba ya koma ɗaukar fasinja, amma abin da ya aikata a baya bai bar shi ya huta ba. Ga mai fasa-ƙwaurin fetur daga kan iyaka. Wannan na ƙarshen shi ya fi taɓa ni, domin irinsu nake gani kusan kullum a hanya, jarkoki ɗaure a mota ko a babur, suna gudu kamar ransu ba a bakin komai yake ba. Shekara da shekaru ina zaginsu idan suka gifta ni, ban taɓa tambayar kaina me suka baro a gida ba sai a daren nan. Kuma da Hausa suke magana, Hausar Damagaram tsantsa, ba mai fassara tsakanina da su. Uwargidan wana ta ja gyale ta rufe fuska, ta ce ta san uwar wani yaro a unguwar. Da fim ɗin ya ƙare ba wanda ya iya tashi, shayin ma ya huce a buta.

To wannan fim ɗin ne bai kai a ambata ba? An fara nuna shi a bikin fina-finai na ƙasar Suwizalan, Turawa suka zauna suna karanta fassarar maganar samarinmu a ƙasan allo, mu kuma masu harshen gidan rediyonmu bai ma san da shi ba.

Kuma ko Oscar ɗin da kuka maƙale wa, ai ba ku faɗi gaskiyarta duka ba. The Milkmaid, wanda aka ɗauka a jihar Taraba kuma akasarinsa da Hausa ne, shi Najeriya ta aika gasar a ƙarshen 2020. Labarin 'yan mata Fulani masu tallar nono ne da 'yan tada ƙayar baya suka afka wa ƙauyensu, kuma Maryam Booth ta ci kyautar AMAA ta fina-finan Afirka da rawar da ta taka a ciki. A 2024 kuma Mai Martaba aka aika, wanda aka ɗauka a Daura, garin da nake ratsawa duk mako. Gaskiya ne ba su kai zagayen ƙarshe ba, amma da mai gabatarwarku ya ambaci ko ɗaya daga cikinsu da matar Gusau ta samu amsarta. Ga kuma bikin fina-finan Afirka na FESPACO da ake yi a Wagadugu ta Burkina Faso duk shekara biyu, wanda ɗan Nijar, marigayi Umaru Ganda, shi ne ya fara cin babbar kyautarsa a 1972. Ko sunan bikin ban taɓa ji a shirin nan ba.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne mutane suna neman abin da suka ji a bakinku. Washegari yaron motata ya zo yana tambayata sunan fim ɗin Amurkan da kuka yaba, wai zai sa a tura masa a waya. Na ce masa ya nemi Zinder, ya ce ai da mai kyau ne da an faɗa a rediyo. Ka ji fa, Malam Edita. Maganata ni ubangidansa ba ta kai taku nauyi ba.

Sai kuma batun layin wayarku. Sau shida na kira a daren nan don in ba matar amsa, sau biyu aka ɗauka aka bar ni ina jin kiɗa har katina ya ƙare. Kuma tallar maganin basir da kuke sakawa tsakiyar shiri ƙararta ta ninka ta masu magana, ga kalaman da mutum ba ya so su fito gaban fasinja mata da yara. Don Allah a duba wannan ma.

Roƙona shi ne Asabar mai zuwa ku ware ko minti goma ku yi maganar waɗannan fina-finai, ku gaya wa mutane inda za su same su ta hanyar da masu su za su amfana. Kuma ku nemi baiwar Allahn nan ta Gusau ku ba ta haƙuri, lambarta tana wurinku.

Na gode. Allah ya ƙara basira.

Naku mai sauraro,
Direban Kano zuwa Damagaram