A saurari masu ƙorafi kan faɗaɗa titunan tsakiyar gari

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman alfarmar fili a wannan jarida domin in yi magana a kan aikin titunan kilomita biyar-biyar na Jihar Kano, da kuma mutanen garuruwanmu da ke nuna rashin amincewa idan aka zo faɗaɗa babban titin da ya ratsa tsakiyar garinsu. An saba kiransu maƙiya ci gaba, ko a ce 'yan adawa ne suka zuga su, alhali yawancin abin da suke faɗa tambayoyi ne da ya kamata hukuma ta amsa tun kafin katafila ta iso.

Gwamnatin Injiniya Rabi'u Musa Kwankwaso ta biyu, wadda ta yi mulki daga 2011 zuwa 2015, ita ce ta fito da shirin gina tagwayen hanyoyi masu tsawon kilomita biyar, da magudanan ruwa da fitilu, a hedikwatocin ƙananan hukumomin jihar. Wa'adinta ya cika da yawa daga cikin ayyukan ba a kammala ba. A shekaru takwas na Dokta Abdullahi Umar Ganduje an taɓa wasu, wasu kuma suka zauna yadda aka bar su, har Injiniya Abba Kabir Yusuf, wanda shi ne kwamishinan ayyuka lokacin da aka faro shirin, ya hau mulki a 2023 ya sake ɗauko shi. Ba na shakkar kyawun niyyar, domin burin shi ne mutumin karkara ya ga irin titin da yake gani a birni a ƙofar gidansa. Amma wanda aka rushe masa zaure da katanga, sannan ya yi shekaru yana shan ƙura da rani yana taka taɓo da damina a gaban titin da aka kankare aka tafi, ba za a zarge shi ba idan ya ji an ce za a dawo ya tambaya ko wannan karon da gaske ake.

Maganar diyya ita ce ta fi ci wa mutane tuwo a ƙwarya, kuma doka tana bayansu. Sashe na 44 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya hana karɓe dukiyar mutum da ƙarfin hukuma sai bisa dokar da ta tanadi biyan diyya ba tare da jinkiri ba, ya kuma ba shi damar zuwa kotu a kan adadin da aka yanka masa. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba gwamna ikon soke mallakar fili saboda maslahar jama'a, amma abin da take biya shi ne ginin da ke kan filin da amfanin da aka shuka, ba darajar wurin a kasuwa ba. A nan ne asarar take. Shagon da ke bakin babban titi, darajarsa tana ga masu wucewa ta gabansa, ba ga bulo da kwanon da jami'in kimantawa zai ƙirga ba. Idan aka biya mai shi kuɗin bulo, inda zai iya sayen wani fili da su sai bayan gari, inda babu mai saye. Ɗan haya kuwa, tela ko mai kemis ko mai cajin waya da ya yi shekaru yana tara abokan ciniki a wurin, sunansa ba ya ma shiga takarda, domin diyyar ta mai gini ce. Ga kuma gidajen gado, waɗanda ake yanke musu ɗakuna biyu na gaba, a miƙa kuɗin ga magada da yawa, a bar su da rigimar da za ta kai su gaban alƙali. Idan aka ƙara da jinkirin biya a lokacin da farashin siminti ke tashi, kuɗin da aka kimanta bana ba za su tayar da rabin ginin ba baɗi.

Akwai kuma tambayar da ba a cika yi ba, wato mene ne ainihin abin da ke cushe titin. A mafi yawan garuruwanmu cunkoson na ranar kasuwa ne, kamar yadda duk wanda ya bi ta Wudil ranar Juma'a ya sani, kuma abin da ke haddasa shi motocin da ke lodi da sauke kaya a kan kwalta ne, da 'yan A Daidaita Sahu da ke tsayawa inda suka ga fasinja, da masu tebur da ba a ba su wuri ba. Idan aka ninka faɗin titi ba a gina tasha ba, ba a kuma ware wurin sauke kaya ba, sabon hannun da aka ƙara shi zai zama tashar. Birnin Kano ya isa shaida. Titin Murtala Muhammad ba siriri ba ne, har doguwar gada aka ɗora masa a Sabon Gari, amma wanda ya bi ta ƙarƙashinta wajen 'Yan Kura da yamma ya san faɗi kaɗai bai raba shi da cunkoso ba. Haka abin yake a ƙasashen da suka fi mu kuɗi: a birnin Houston na Amurka an kashe kusan dala biliyan 2.8 wajen faɗaɗa babbar hanyar Katy, aka gama a 2008, bayan 'yan shekaru kuma lokacin da masu mota ke ɓatawa a kanta ya sake hawa, saboda sabon fili sababbin motoci yake jawowa.

A sauran ranakun mako, faffaɗan titin da babu kowa a kansa gudu yake koya wa direba. Babban titin gari shi ne wanda yara ke tsallakawa zuwa firamare da safe da Islamiyya da yamma, shi tsofaffi ke ƙetarawa zuwa masallaci, a gefensa ake zaman ɗaurin aure da na makoki. Idan aka mai da shi hannu huɗu, aka gitta kankare a tsakiya, aka sa wurin juyawa da nisa, an raba unguwa biyu, kuma masu babura za su riƙa bin hannun da ba nasu ba domin su rage tafiya. Daga nan sai mutanen gari su fara zuba tudun rage gudu da kansu, a kan titin da aka kashe maƙudan kuɗi domin mota ta wuce da sauri.

Sai batun kuɗin, wanda na jama'a ne. Tun farko ana haɗa irin waɗannan ayyuka da asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, kuma a ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa kason ƙananan hukumomi nasu ne, a riƙa ba su kai tsaye. Ma'anar wannan a wurina ita ce mutanen kowace ƙaramar hukuma suna da haƙƙin a tambaye su abin da suka fi buƙata. Kilomita biyar na tagwayen hanya kwaltar kilomita goma ce ta hanyar da ba tagwaye ba, kafin a sa kuɗin fitilu da diyya. Manomin tumatir da shinkafa a yankin Kura da Bunkure da Garun Malam, wanda ke noman rani da ruwan madatsar Tiga, yana iya cewa hanyar da za ta fito da kayansa daga gona zuwa bakin titi ta fi masa amfani. Wani garin zai ce ruwan sha, wani ya ce rufin azuzuwa, tunda gwamnatin nan da kanta ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024. Ba daidai ba ne a auna wa garuruwa masu bambancin girma da sana'a tsawo ɗaya da faɗi ɗaya daga ofis a Kano.

Ban ce kada a faɗaɗa ko'ina ba. Akwai garuruwan da manyan motoci ke ratsa tsakiyarsu dare da rana, kuma a can ma sau da yawa hanyar da za ta kewaye gari ta fi rusa gidajen cikinsa sauƙi. Abin da aka rushe ba ya dawowa yadda yake. A 2010 an rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa domin aikin hanya, masu kula da kayan tarihi suka yi ta kuka, kuma wadda aka gina a madadinta sunan kawai ta gada.

Roƙona ga Ma'aikatar Ayyuka da shugabannin ƙananan hukumomi shi ne, inda aka riga aka yi rusau a gaggauta kammalawa, a fara da magudanan ruwa kafin damina, domin waɗancan mutane sun riga sun biya nasu kason. Inda kuwa ba a taɓa ba, a kira taro a ƙofar hakimi, a baje zanen aikin, a faɗi kuɗin kwangilar da sunan ɗan kwangila da ranar gamawa, a liƙa jerin waɗanda abin zai shafa har da 'yan haya, kuma kada a shafa jan fenti a bangon kowa sai kuɗin diyyarsa suna hannu. 'Yan majalisar dokokin jiha, waɗanda su ne ke amincewa da kasafin, su nemi waɗannan takardu a madadin mazaɓunsu.

Na gode, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Wani mai karatu daga Kano