Ina son yin mastas a fannin ba ɗalibai shawara, amma wanne zan zaɓa?

Anti barka da aiki, ina gaishe ki cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina karanta filinki kullum shi yasa nace bari in kawo miki tawa damuwar.

Ni malama ce a makarantar sakandare, kuma ba mu da mai ba ɗalibai shawara, to duk yarinyar da wani abu ya dama sai kawayenta su ce je ki wurin malama wance. Wata iyayenta sun rabu ta daina karatu, wani ya fara shan ƙwaya, wata kuma ta zo tana kuka tace ta gaji da duniya, ranar kam Anti jikina rawa yake don ban san iyakar sirrin da zan riƙe ba da inda dole in sanar da firinsifal da iyaye. Addu'a na iya, sauraro na iya, amma aikin nan yana buƙatar horo. Shi yasa nake son yin digiri na biyu a kai.

Kos biyu ne a gabana. Ɗaya na jami'a ce wadda ba ruwanta da addini, ɗayan kuma na makarantar Kirista ce da ke haɗa saikoloji, wato ilimin halayyar ɗan Adam, da tauhidi. Fastonmu, mutumin da nake girmamawa ƙwarai, yace duk biyun ɓata lokaci ne, Littafi Mai Tsarki ya isa, matsalar yaro zunubi ne maganinta tuba. Da na bincika sai na ga ba shi ya fara wannan maganar ba, wani malamin tauhidi mai suna Jay Adams ya rubuta haka a Amurka tun 1970 kuma har yau akwai masu binsa. Amma a Amurkan dai makarantar tauhidi ta Fuller ta buɗe sashen saikoloji a 1965, su a ganinsu duk gaskiya ta Allah ce ko a ina aka samo ta. Shi kansa Carl Rogers da ake koyarwa a kowane kos, mai cewa ka saurari mutum ka karɓe shi ba tare da sharaɗi ba, ai makarantar tauhidi ya fara shiga a New York kafin ya koma saikoloji. Ni in na karanta shi sai in tuna Yakubu 1:19, saurin ji da jinkirin magana. Inda na rabu da Rogers shine cewa amsar tana cikin mutum shi kaɗai, wannan kam zuciyata bata yarda ba.

Abin da ya fi hana ni barci shine yaran nan ba duka Kirista ba ne, kuma iyayensu amana suka ba mu. Yarinyar da ta zo da rauni a zuciya ba za ta iya ce min a'a ba in nace mu yi addu'a, ni ce babba ni ce mai ba ta maki, to bana so ofishina ya zama wurin wa'azi ta bayan fage. Amma kuma bana so in je inda za a ce in ajiye bangaskiyata a bakin ƙofa kamar takalmi, don ita ce ta sa nake kula da yaran tun farko.

Maigidana shi takardar yake dubawa, yace in tabbata hukumar ilimi ta san da satifiket ɗin, kuma yana da gaskiya. Na ga a Amurka hukumar CACREP, mai tantance kos-kos na ba da shawara, tana neman awa 100 na gwaji da awa 600 na aiki a ƙarƙashin ƙwararre kafin a yaye mutum, shi kuwa kos ɗin Kiristan da nake dubawa yawancinsa ta intanet ne, firaktikal ɗin kaɗan ne.

Anti don Allah, in na zaɓi jami'ar in riƙa neman tauhidin a gefe, zai wadatar? Kuma yaya zan faɗa wa Fasto ba tare da ya ga na raina shi ba? In akwai masu wannan aikin cikin masu karatunki ina roƙo su ma su ce wani abu, an kusa rufe sayar da fom.

Taki,
Wata malama