Zuwa ga Ba'amurken Gwallameji

Assalamu alaikum mutumina,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan sanyin can bai ƙarar da kai ba. Ka yi shiru na yi shiru, har Hajiya ta tare ni a kasuwar Wunti tana tambaya ko faɗa muka yi. Na ce mata a'a, ɗanta ne ya koma cin tuwo da cokali mai yatsu, ba ya ganin irinmu.

Akwai abin da nake son tambayarka, amma bari na fara da Dogo, don labarinsa ya tsaya mini a wuya. Ya je ya ci bashi a irin manhajojin nan na waya masu ba da kuɗi cikin minti biyar. Dubu 20 ya nema, tun kafin kuɗin su shigo suka yanke nasu, wa'adi kuma mako ɗaya. Da mako ya cika sai ya ciyo a wata manhajar ya biya ta farko. Ka san Dogo, a ganinsa dabara ya yi. Ashe lokacin da yake sauke ta ya danna ya ba su izinin ganin duk lambobin da ke wayarsa. Ranar da ya kasa biya suka tura wa kowa saƙo, da hotonsa, wai ɓarawo ne ana nemansa. Ni na samu, limamin masallacinsu ya samu, kawunsa na Azare ya samu. Kawun bai kira ba, mota ya hau ya zo har Yelwa. Ina ɗakin lokacin da ya shigo. Ya cire hula ya ɗora a gwiwa, ya daɗe yana kallon Dogo, sannan ya ce, "Nawa ne?" Wallahi da duka ya yi da ya fi sauƙi.

Abin haushin shi ne Dogo yana cikin masu karɓar NELFUND. Kai ka tafi kafin a fara, to lamunin ɗalibai ne na gwamnatin tarayya. Tinubu ya sa hannu a dokar a Afrilun 2024, aka buɗe shafin nema a watan Mayu. Da NIN da BVN da lambar JAMB ake cikewa. Kuɗin makaranta kai tsaye ake tura wa jami'a, ba sa biyowa ta hannunka, sai alawus na dubu 20 duk wata ga wanda ya nema. Babu ruwa a kai. Biya kuma sai shekara 2 bayan gama bautar ƙasa, a riƙa cire kashi 10 cikin 100 na albashinka. Ni ma na karɓa, amma sai da Baba ya kai maganar gaban malaminsu aka tabbatar masa babu riba. Ko da ya yarda sai da ya karanto mini ayar rubuta bashi ta cikin Baƙara. Yanzu haka bangon bayan littafina na lissafi cike yake da kwanan wata da adadi.

Yara a nan kuwa "rabonmu na man fetur" suke kiransa. Ranar da alat ya shigo ka ga layi wajen mai POS da mai tsire, kafin kwana goma an koma garau-garau ba mai. Ni dai na ce musu abin da aka ɗaure da BVN ɗinka ba kyauta ba ce, yana nan yana jiranka.

Shi ya sa gabana ya faɗi da na ga hoton katin bashin nan da kake ta ɗagawa kamar ka ci kofi. Na san a Amurka sai kana ci kana biya ake yarda da kai, ko gidan haya za ka kama ana duba tarihin bashinka. Amma don Allah ka riƙa biyan duk abin da ka kashe kafin ranar wa'adi, ta haka ne kawai ruwa ba zai hau ba. Ɗan ƙaramin adadin nan da suke rubutawa wai shi ne mafi ƙarancin biya, tarko ne. Ragowar ana ɗora masa ruwan da kan wuce kashi 20 a shekara, da dala kuma. Kai da ko cikon kuɗin masa sai mai masa ta biyo ka ɗaki!

Af, mai masar ta aurar da 'yarta, wadda kake cewa a ajiye maka. Wani mai shagon waya ne ya yi wuf da ita, an yi biki har da kalangu. Na ci rabonka.

Mun yi karo-karo mun biya wa Dogo manhaja ɗaya, kawu ya biya ɗayar, da sharaɗin ya koma ƙaramar waya har ya gama. Saura dubu 6 da na ranta a wurin Gambo na sa a madadinka, don na san ba za ka ƙi ba. Ka turo kafin Juma'a, Gambo ba ya mantuwa.

Kowa yana gaishe ka, har Dogo, ko da yake bai san na faɗa maka ba. Kada ka nuna masa.

Naka,
Na Yelwa