Takardar Mallakar Ƙirƙira a Kan Manhaja Tana Tauye Fasaha

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi tsokaci a kan wata magana da ba a cika tattauna ta a wajenmu ba, alhali ta shafi duk matashin da ke zaune gaban kwamfuta yana rubuta manhaja. Maganar ita ce ko ya dace hukuma ta ba mutum takardar mallakar ƙirƙira a kan wata dabara ta manhaja, ta yadda har tsawon shekara 20 babu mai amfani da ita sai da izininsa. A ganina, a wannan fanni illar takardar ta rinjayi amfaninta nesa ba kusa ba.

Ba na jayayya da asalin manufar dokar. Kamfanin da ya kwashe shekaru yana gwajin sabon magani, ya zuba dukiya mai yawa, yana da hujjar neman a ba shi lokaci ya mayar da kuɗinsa. Amma mai rubuta manhaja ya riga ya sami kariya, domin dokar haƙƙin mallaka ta hana a kwafi abin da ya rubuta, kamar yadda ta hana a kwafi littafi. Ita kuwa takardar ƙirƙira dabarar kanta take killacewa, har wanda ya gano ta da tunaninsa, bai taɓa ganin aikin wancan ba, sai ya wayi gari mai laifi. Wannan daidai yake da mutum ya kewaye burtali da shinge ya ce gonarsa ce.

A 1999 hukumar Amurka ta ba kamfanin Amazon takarda a kan sayayya da dannawa ɗaya, wato a ajiye adireshin mai saye da bayanan katinsa don kada ya sake rubuta su. Kafin shekarar ta ƙare ya maka kamfanin Barnes & Noble, mai sayar da littattafai, a kotu bisa zargin amfani da wannan dabara, kuma takardar ba ta ƙare ba sai 2017. Kusan shekara 20 a duniyar manhaja zamani ne guda, domin wayar da ake yayi a farkonsu ta zama kayan tarihi kafin ƙarshensu. Abin da ya fi wannan ciwo shi ne labarin NTP, kamfanin da ba ya ƙera komai sai dai ya riƙe takardu a kan aika wasiƙar imel ta waya. A 2006, da masu ƙera wayar BlackBerry suka ga kotu na shirin dakatar da harkarsu a Amurka, sai suka biya shi dala miliyan 612.5, a daidai lokacin da ofishin da ya bayar da takardun yake sake duba su yana nuna shakku a kan ingancinsu. Kuɗin da ya kamata ya tafi ga injiniyoyi ya ƙare a hannun lauyoyi da masu riƙe takarda.

A ɗaya ɓangaren kuma, a 1993 cibiyar bincike ta CERN ta saki fasahar shafukan intanet da Tim Berners-Lee ya ƙirƙiro, kyauta ga kowa, kuma a kanta aka gina kusan duk abin da muke cin moriyarsa yau, har da Amazon ɗin kansa.

Masu goyon bayan takardar kan ce ita ce garkuwar ƙaramin mai ƙirƙira a gaban manyan kamfanoni. Na so a ce haka abin yake. Gaskiyar ita ce shari'a irin wannan tana cin kuɗin da ƙaramin kamfani ba shi da shi, kuma idan ya kai ƙara da takarda ɗaya, babban zai fito masa da dubbai. Ƙasashe da dama sun farga. A 2005 Majalisar Turai ta yi watsi da ƙudurin da ya shafi wannan batu da ƙuri'a 648 a kan 14, New Zealand ta cire manhaja zalla daga dokarta ta 2013, sannan a 2014 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke, a shari'ar kamfanin Alice da bankin CLS, cewa ɗora tsohuwar dabara a kan kwamfuta bai mayar da ita ƙirƙira ba.

Abin da ya sa na damu shi ne dokarmu ta Nijeriya a kan wannan fanni tun 1970 take, kafin a san manhaja yadda muka san ta, kuma ofishin rajista cikar takardu yake dubawa, ba ya binciken ko abin sabo ne da gaske. Ƙofa ce a buɗe ga duk mai son ya yi rajistar dabarar biyan kuɗi ta waya, ya riƙa tsoratar da matasanmu na Kano da Kaduna da Legas da wasiƙun lauya. Ina kira ga Majalisar Tarayya, duk ranar da ta zauna gyaran wannan doka, da ta rubuta ƙarara cewa manhaja zalla ba ta cikin abin da ake ba wa takardar ƙirƙira, ta bar ta ƙarƙashin dokar haƙƙin mallaka ta 2022.

Wassalam,
Mai karanta jaridarku,
daga Kano.