A riƙa tunawa da masu ƙididdiga wajen karramawa

Ranka ya daɗe Edita,

Na karanta rahotonku kan malaman jami'a da aka karrama saboda binciken cututtuka na haɗin gwiwa, ya min daɗi amma akwai gyara. Galibi likitan da ya jagoranci aikin ake kira gaban taro, masanin ƙididdigar da ya tsara binciken ya tace alƙaluman kuwa sunansa na can tsakiyar jerin marubuta, ranar ƙarin girma ma da ƙyar a lissafa masa. Ai a 1950 likita Richard Doll da masanin ƙididdiga Bradford Hill tare suka nuna alaƙar sigari da kansar huhu a Ingila.

Don Allah jami'o'i su riƙa karrama tawagar gaba ɗaya, kwamitin ƙarin girma kuma ya duba aikin da kowa ya yi.

Naku,
Mai karatu