Rahoton Kwamitin Gyaran Ogan: Inda Kuɗin Ikilisiya Suka Shiga

Iyayenmu da 'yan'uwa cikin Kristi, salama a gare ku.

Maganganun da ake yi a bakin ƙofa bayan an tashi daga sujada sun iso kunnenmu, haka ma na dandalin WhatsApp. An tara kuɗi har sau biyu, aikin gyaran ogan, wato babban kayan kiɗan cocinmu mai bututai, da aka ce wata shida ya ci kusan shekara biyu, to ina kuɗin suka shiga? Wanda ya sa hannu a aljihu yana da haƙƙin tambaya. Littafin shiga da fita da rasit ɗin kowane saye suna wurin ma'aji, kuma duk mai son gani zai same shi a ofishin coci ranar Lahadi bayan sujada ta biyu. Abin da rasit ba zai faɗa ba shi ne dalili, shi ya sa muka rubuta wannan.

Ma'aikatan reluwe da akawunan gwamnati ne suka fara taruwa a wannan fili bayan Kaduna ta zama hedikwatar Arewa a 1917. Sujadar Hausa ta kafu daga baya, da zuwan mutanen Wusasa ta Zariya da fitowar Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa a 1932. Ogan ɗin kuwa, dattawanmu sun ce ya iso a zamanin Bishop John Mort, bishop na farko na dayosis ɗin Arewa da aka kafa a 1954. An riga an yi amfani da shi a Ingila, aka kwance shi gunduwa-gunduwa, jirgin ruwa ya kawo shi Ikko, jirgin ƙasa ya ƙaraso da shi. A cikinmu har yau akwai waɗanda suna yara suka riƙa zuga masa iska da hannu kafin a sa masa inji. Da ya yi shiru, wasu suka kawo shawarar a sayi kibod mai lantarki a huta. Majalisar ikilisiya ta zauna, ta zaɓi gyara, ta kafa wannan kwamiti.

Sai mun ɗan bayyana cikinsa kafin a gane inda muka yi tuntuɓe. Ogan iska yake ci. Inji yana hura ta cikin wata babbar jaka ta katako da fata, kamar zugazugin maƙeri, daga nan ta wuce akwatin da bututai suke tsaye a kansa. Ƙarƙashin bututan akwai 'yan marufai da aka liƙa wa fata. In mai kiɗa ya danna, marfi ya buɗe, iska ta hau, bututu ya yi magana. Yawancinsu sarewa ce kawai, na dalma da kuza ko na katako, wasu kuma suna da harshen tagulla a ciki mai karkarwa, muryarsu tana kama da ta algaita. Ran wannan kaya duka yana ga fata. In ta bushe ko ta tsage, iska ta zurare.

A kan fatar nan muka yi asara, kuma laifin na kwamiti ne.

Mai gyaran da muka ɗauko daga Legas ya rubuta mana tun farko cewa a yi odar fatar tunkiya da ake jemewa musamman don ogan, mai kauri ɗaya, mai laushi kamar ƙyalle, tare da manne irin wanda ake dafawa. Mun yi lissafinmu a farkon 2023, dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Kafin kuɗin su gama haɗuwa aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayu, a watan Yuni aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Kuɗin fata da na dako suka tashi, abin da ke hannunmu ya kasa. Muka ce, mu da muke ƙasar fata? Fatar jan akuyar Sakkwato ce Turawa suka daɗe suna saye da sunan fatar Maroko. Muka aika Kano aka zaɓo mai kyau, jemammiya da bagaruwa, aka liƙa da gam irin na masu takalmi. Mai gyara ya ce bai yarda ba. Muka matsa masa, ya yi, amma ya sa muka rubuta cewa shawararmu ce. Takardar tana nan.

Da kaka ogan ya yi daɗi, har muka fara yi wa juna barka. Sai hunturu ya shigo. Waɗanda suka zo sujadar daren Kirsimeti sun ji abin da ya faru. Baba Rabaran yana tsakiyar addu'a, bututu ɗaya ya kama kuka shi kaɗai, ba wanda ya taɓa shi, siririyar murya mai shiga kunne. Malamin kwaya ya kunna tocilan wayarsa, ya kutsa bayan akwati, ya bi layi yana sa kunne har ya gano shi, ya zare shi ya kwantar a kan benci. Da muka buɗe bayan sati, fatar ta ƙage ta nannaɗe a gefe kamar busasshen ganye, kusurwar jakar iska kuma ta tsage tsawon taƙi.

Kada kowa ya zargi majema ko dukawa. Fatarsu ta jaka ce da takalmi da sirdi, kuma a nan ba ta da na biyu, mu ne muka sa ta aikin da ba nata ba. Gam ɗin ya fi cutar da mu. Mannen da ake dafawa, ruwan ɗumi yana sakinsa. Wannan kuwa sai da aka kankare shi marfi bayan marfi, wasu katakan suka lalace aka sassaƙa sababbi. A wurin kankarar aka tarar gara ta cinye ƙafafun akwatin ta ƙasa, sai aka sauya su, aka yi feshi, aka ɗora kayan a kan dakalin siminti. Odar da muka guje wa muka koma muka yi a watan Fabrairun 2024, lokacin dala ta haura naira 1,500. Araha ba ta ado. Wannan shi ne dalilin tarin kuɗi na biyu, kuma kusan duka a nan ya tafi. Ba ɗan kwamiti ko ɗaya da ya karɓi kuɗin zama ko na mota.

Zumuntar Mata, ba mu san da wane baki za mu gode muku ba. Ku kuka ciyar da ma'aikata tun daga ranar farko, kuma da aka ce a sake tarawa, mutane suna gunaguni, Mama shugabarku ce ta fara tashi ta ajiye ambulan ba tare da ta ce uffan ba. Baba tsohon direban jirgin ƙasa, wanda ya hana mu faɗin sunansa, ya kawo fanshonsa na wata guda cur. 'Ya'yan ikilisiya da ke Ingila su suka nemo mana fatar, ɗaya ta ɗauko ta cikin kayanta, ta rage mana kuɗin dako. Matasanmu 'yan Birged sun wanke bututai ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya lanƙwashe. Mai gyara kuma ya yafe rabin ladansa na zagaye na biyu, ko da yake shi ne ya gargaɗe mu. Ubangiji ya sāka muku.

Ogan yana kiɗa yanzu, amma da saura. Manyan bututan katako na ƙafa, masu muryar ƙasa da ake ji a ƙirji, uku gara ta gama da su, gurabensu suna nan fayau. Layin masu harshen tagulla yana kwance a kwali cikin ɗakin shiri. Saman ogan kwano ne tsirara ba silin, zafi yana sauka kai tsaye, kuma iska in ta yi zafi muryar bututai tana hawa, don haka saitin da aka yi da safe ba ya kai azahar. Mafi gaggawa shi ne injin da zai riƙa sa danshi cikin iskar. A yanzu yara ne suke jera robobin ruwa a cikin akwati kowace Asabar, kuma wannan ba zai riƙe sabuwar fata shekara da shekaru ba. Muna roƙo a haɗa kuɗin injin da na silin kafin Nuwamba. Akwai ambulan a wurin masu taro a bakin ƙofa. Iyayen da ke da yaro ko yarinya mai son koyon kiɗan kuma su ga malamin kwaya, domin mutum ɗaya tak muke da shi da ya iya, kuma ya haura saba'in.

Kwamitin Gyaran Ogan